Ziyarar Makabartar Sojoji ta Taukkyan a Myanmar: Tambayoyi da Amsoshi

A gidanmu akwai wani ƙanen kakana da ba a taɓa cewa ya rasu ba. Abin da tsofaffi ke cewa kawai shi ne, "Ya tafi Burma." Da wannan magana na tashi, ita ce kuma ta kai ni Yangon tun kafin juyin mulkin 2021. Tun da na dawo mutane ke tare ni da tambayoyi, musamman waɗanda su ma suke da wanda ya tafi bai dawo ba. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Wai ina ne Taukkyan, kuma me ke wurin?

Ƙauye ne da ke kimanin kilomita 35 arewa da birnin Yangon, wanda a da ake kira Rangoon, a kan titin da ya nufi Pyay. Daga filin jirgin sama bai wuce kilomita 15 ba. Ƙasar ita ce wadda kakanninmu suka sani da Burma, a 1989 aka mayar da sunanta Myanmar.

Abu biyu ne manya a wurin. Na farko makabarta ce, wadda aka fara a 1951, aka kwaso gawawwakin sojoji daga wasu makabartu huɗu na fagen daga, wato Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, saboda kula da su a can ya yi wuya. Akwai kaburbura 6,374 na sojojin ƙasashen renon Ingila da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, 867 daga ciki ba a san ko su wane ne ba. Na biyu shi ne dogon ginin tunawa da ke tsakiyar filin, wanda aka buɗe a watan Fabrairun 1958, jikinsa ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Burma ba a san inda kabarinsu yake ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, ita ke riƙe da wurin.

To me ya haɗa Bahaushe da makabartar da ke can ƙarshen duniya?

Jini ne ya haɗa. Bayan Japan ta kori Ingila daga Burma a 1942, Turawa sun nemi sojojin da suke ganin za su iya jure zafi da daji, sai suka juyo Afirka ta Yamma. Aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya. Kimanin mutum 90,000 ne aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Rundunar Najeriya kuwa tun asali da Hausa ake magana a cikinta, har hafsoshi Turawa sai da suka koya. Saboda haka kurtun da aka ɗauko daga Sakkwato da wanda aka ɗauko daga ƙasar Tibi ko Barno, duk da Hausa suke fahimtar juna a cikin dazukan Arakan da ke yammacin Burma.

Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. Da hannu, da adda da diga, suka sare hanyar mota mai tsawon mil 75 a cikin duwatsu da kurmi, sannan yawancin abincinsu da harsasansu daga jirgin sama ake jefo musu. Alamar da ke kafaɗarsu gizo ne, baƙi a kan rawaya, wanda mutanen Gana ke kira Ananse, mu kuma muka san shi a tatsuniya. Alamar runduna ta 82 ta fi taɓa mini zuciya: mashi biyu ne gicciye a kan gammo. Gammo dai, irin wanda ɗan dako ke naɗawa ya ɗora kaya. Dalili kuwa, dubban mutanen da ke cikin rundunonin nan aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, albarusai da abinci da sassan igwa, su bi ta inda mota da alfadari ba sa iya bi. Rundunonin biyu sun haɗu suka ƙwace Myohaung a watan Janairun 1945. Ban da su, akwai bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, da suka shiga cikin dakarun Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin abokan gaba a 1944.

Wanda ya taɓa wucewa ta barikin Dalet a Kaduna, ko barikin Chindit a Zariya, ko Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, ko Burma Camp a Accra, ya riga ya ji sunayen wannan yaƙi ko da bai sani ba. Kullum muna faɗin sunayen ga direban mota, ba mu taɓa tambayar daga ina suka fito ba.

Yaya zan gano ko sunan kakana yana can?

Wannan aiki a gida ake yin sa, kafin a yi maganar tikiti. Hukumar CWGC tana da rumbun sunaye a shafinta na intanet, kyauta ne, ko da waya ana iya bincikawa. Sai dai akwai tarko biyu da suka sha kayar da mutane.

Na farko, Bature ne ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Audu na iya fitowa da wata irin rubutawa, Muhammadu ya koma Momadu ko Mama, Sakkwato kuma Sokoto za ka nema, Zazzau ka nemi Zaria. Kada ka gwada rubutu ɗaya ka haƙura. Na biyu, galibin sojojinmu ba a rubuta su da sunan uba ba, da sunan gari ko na ƙabila aka rubuta su. Wani ma ba garinsu ba ne, garin da aka ɗauke shi soja ne. Wani kuma da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba, don gudun kada iyaye su biyo sawu. Sakamakon haka za ka iya samun mutum biyar ko shida masu suna iri ɗaya sak.

Abin da ke raba gardama shi ne lambar soja. Ta 'yan Najeriya da NA take farawa, ta mutanen Gana da GC. Ka bincika tsofaffin akwatuna da adaka: wasiƙa, ko takardar albashi, ko takardar da aka aiko wa iyali ta hannun hakimi. Lambobin yabo ba su cika taimakawa ba, domin waɗanda Ingila ta raba a wannan yaƙi yawanci ba a zana suna a jikinsu. Idan babu takarda ko ɗaya, je ka zauna da dattijon da ya fi kowa shekaru a dangi, ka tambaye shi shekarar da aka tafi da shi, da wa suka tafi, wa ya dawo ya kawo labari. Ni wata gwaggona ce ta tuna cewa da kaka aka zo da labarin, ana cikin girbin gero, kuma wannan ɗan bayani ya rage mini sunaye huɗu zuwa biyu.

Idan ka dace, shafin zai nuna maka muƙami, da runduna, da ranar rasuwa, da wurin da sunan yake. Mai kabari za a ba ka lambar fili da layi da kabari. Wanda sunansa ke jikin gini za ka ga an rubuta "Face" da lamba, wato lambar fuskar bangon. Rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, kada ka dogara da waya kaɗai.

Idan na isa, ta ina zan fara?

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne tsafta da shiru. A waje manyan motoci na ta rugugi a kan titi, kana shiga sai ciyawa shimfiɗe kamar darduma, da furanni a tsakanin kaburbura. Ba dogayen duwatsu ba ne a kan kaburburan, ƙananan alluna ne na tagulla a kan ɗan tudun dutse, sai ka sunkuya kafin ka karanta. A kan na Musulmin rundunar Indiya za ka ga rubutun Larabci.

Ginin tunawar dogayen ginshiƙai ne jere hagu da dama, da wani zagayayyen fili marar rufi a tsakiya. An jera sunayen ne runduna-runduna, a cikin kowace runduna kuma daga babban muƙami zuwa ƙarami. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar zuwa lambar da ke aljihunka. Fara daga farko, ka bi a hankali. Za ka wuce sunayen Turawan Ingila, ka wuce na Indiyawa da na Gurkha, wato sojojin Nepal, masu ɗimbin yawa, sannan ka iso na Afirka. A nan ne ƙafata ta tsaya. Na taho ina karanta sunayen da ban iya furtawa ba, kwatsam sai na ga ina karanta Kano, Katsina, Bauchi, Yola, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan kamasho na kiran fasinja a tasha. Na sa yatsa a cikin ramin haruffan, dutsen ya ɗauki zafin rana. Ban san lokacin da na fara karanta Ƙulhuwallahu ba.

A tsakiyar ginin an rubuta cewa sun mutu ne domin dukkan 'yantattun mutane, an rubuta da Ingilishi da Burmanci da Hindi da Urdu da rubutun Gurmukhi na mabiya Sikh. Babu Hausa, babu wani harshen Afirka. Na tsaya na sake dubawa ko idona ne, babu. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau, domin dubban masu sunayen nan da Hausa aka ba su umarnin da ya kai su ga ajalinsu.

Me ya sa waɗanda ba su da kabari suka ninka masu kabari har sau huɗu?

Yanayin ƙasar ne da irin yaƙin. Ana faɗa ne a cikin kurmi da tsaunuka da bakin koguna, sau da yawa ana janyewa cikin gaggawa. Wanda ya faɗi, abokansa su tona rami su rufe shi su wuce, damina ɗaya ta shafe alamar. Ruwan Arakan ba irin namu ba ne, yana iya kwana da kwanaki yana zuba. Wasu kogi ya tafi da su. Da yawa kuma ba harsashi ne ya kashe su ba, zazzaɓin cizon sauro ne da atini da sauran cututtukan daji. Bayan yaƙi an bi an tono waɗanda aka iya ganowa, sauran sai suna.

Ya halatta Musulmi ya ziyarci makabartar da ta haɗa Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba?

Hadisi ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya kasance ya hana ziyarar kaburbura, to yanzu a ziyarce su. Manufar ziyara ita ce tuna lahira da yi wa mamata Musulmi sallama da addu'a. Ka yi sallamar da aka koyar, "Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin," ka roƙa musu gafara, kada ka taka kabari ko ka zauna a kansa. Akwai babban gicciye na dutse a filin, kamar yadda yake a irin waɗannan makabartu, ba ruwanka da shi, kuma babu mai tilasta maka wani abu. Wanda zuciyarsa ke da sauran shakka ya zauna da malaminsa kafin tafiya. 'Yan'uwanmu Kiristoci na Arewa su ma suna da nasu a can da yawa, sunayen a jere suke kafaɗa da kafaɗa yadda suka yi fareti.

Ana biyan kuɗin shiga? Wane lokaci ya fi dacewa?

Ba a biyan ko sisi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin rani ne mai ɗan sanyi-sanyi. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, daga Mayu zuwa Oktoba kuma damina. Je ka da sassafe, da ruwan sha da hula ko laima, don inuwa ba ta da yawa a tsakiyar fili. Ka yi ciniki da mai tasi a kan zuwa da jira da dawowa tun kafin ka shiga motar. Awa biyu ta ishi mai kallo, mai neman suna ya ware rabin yini.

Ana ɗaukar hoto?

A cikin makabarta, ƙwarai kuwa. Za ka ma tarar da samari da 'yanmata na gari suna yawo suna ɗaukar hotuna, wasu na hutawa a gindin ginshiƙai. Da farko abin ya sosa mini rai, daga baya na lura ba sa taka kabari, ba sa hayaniya, sai na sake. Idan za ka ɗauki suna, ɗauki biyu: ɗaya kusa, ɗaya daga nesa yadda sunan runduna da lambar bango za su fito. A kan hanya kuwa ka mayar da waya aljihu. Yankin Mingaladon da za ka ratsa cike yake da barikokin soja, kuma ɗaukar hoton soja ko shingen bincike a ƙasar nan na iya jefa mutum cikin babbar matsala.

Yanzu lafiya lau ne mutum ya je?

A nan ba zan rufe maka gaskiya ba. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2021 da sojoji suka ƙwace mulki ƙasar ke cikin yaƙin basasa, ga kuma girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Mandalay a watan Maris na 2025. Gwamnatoci da dama na gargaɗin mutanensu game da zuwa. Yangon ta fi sauran wurare sauƙi, amma al'amari na iya juyawa cikin dare ɗaya. Duk mai niyya ya bi labarai sosai, ya tabbatar da sharuɗɗan biza kafin ya sayi tikiti, ya riƙe katin allurar shawara. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar, sai an bi ta irin su Bangkok ko Kuala Lumpur ko Singapore. Daga Bangkok tafiyar ba ta kai awa biyu ba, shi ya sa 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya can suka fi kowa samun dama.

Wani gargaɗi kuma, tunda maganar ta zo: duk wanda ya ce zai kai ka aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka a iyakar Tailan da Myanmar, ka guje shi. An yaudari matasa da yawa daga Afirka zuwa sansanonin damfara a wannan yanki, aka ƙwace musu fasfo. Idan iyalinka ba su natsu da tafiyar ba, ka dakata. Sunan da ya jira shekaru sama da sittin a jikin dutse zai iya ƙara jira.

Abinci da sallah fa?

Ba matsala a cikin Yangon. Tsakiyar birnin akwai tsofaffin masallatai, har da wani babba dab da wurin ibadar Buda na Sule. Gidan abincin da ka ga an rubuta 786 a ƙofarsa na Musulmi ne, biriyani da roti ba sa yankewa. A Taukkyan kuwa ka tafi da alwalarka da guzurinka.

Ai yaƙin Turawa ne, ba namu ba. Me ya sa zan wahalar da kaina?

Wannan tambaya ba na raina ta, domin akwai gaskiya a cikinta. Mutanen nan sun mutu suna kare mulkin mallakar Ingila a wata ƙasa, alhali tasu ƙasar ma a ƙarƙashin mulkin mallakar take. Wasu da son ransu suka shiga, don albashi ko kaki ko ganin duniya. Wasu kuwa an yanka wa sarakuna da hakimai adadin da za su kawo ne, aka turo su. Kuɗin sallamar da aka ba sojan Afirka bayan yaƙi bai kama ƙafar na Bature ba, wani wurin ninki uku ne tsakaninsu. A 2021 ita kanta hukumar CWGC ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam, har gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa.

Duk wannan haka yake. Amma ni ba daular Ingila na je gaisarwa ba. Na je wurin wani saurayi ne da ya bar gona da uwa da wataƙila budurwar da aka sa masa rana, ya hau jirgin ruwa karo na farko a rayuwarsa, ya mutu a inda babu wanda ya san sunan garinsu. Ba a yi masa wanka a gida ba, ba a yi zaman makoki da gawa ba. Jikokin Turawan da ke kwance a gefensa suna zuwa, za ka ga furannin da suka ajiye. A ɓangaren namu, ranar da na je, ban ga alamar wani ya riga ni ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma waɗannan ma dangi ne.

Akwai kuma abin da yaƙin ya bari na alheri tsakanin talakawa. Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya daga yankin Owo, an harbe shi a bakin kogin Kaladan a watan Maris na 1944, shi da wani ɗan Saliyo suka maƙale a bayan layin Japan. Wani manomi Musulmi na wani ƙauye da ke kusa ne ya ɓoye su, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in an kama shi kashe shi za a yi. Fadoyebo ya koma gida, ya rayu har 2012. Musulmin wannan yanki na Arakan su ne 'yan Rohingya da muke jin labarin wahalarsu a rediyo yau.

Zan iya wucewa in ga filin dagar kansa, Kaladan ko Myohaung?

A halin yanzu a'a. Myohaung ita ce Mrauk-U ta yau, a jihar Rakhine, wato Arakan ta da, kuma yankin na cikin inda faɗa ya fi zafi.

Wanda ba shi da halin zuwa fa?

Shi ne mafi yawanmu. Binciken suna ba ya buƙatar biza, kuma shafin hukumar yana ba da takardar tunawa mai ɗauke da sunan mamaci da za ka iya saukewa ka buga. Wanda harka ta kai shi Bangaladash, akwai kaburburan sojojin Afirka ta Yamma a makabartun yaƙi na Chittagong da Maynamati. Wanda ke Landan ya leƙa ƙofofin tunawa da ke Constitution Hill, kusa da fadar Buckingham, waɗanda aka buɗe a 2002 domin sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan. A gida kuma, ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji wuri ne mai kyau na fara tambaya.

Ni dai sunaye biyun da suka rage mini ban iya raba su ba, don babu lambar soja a hannunmu. Na ɗauki hoton duka biyun, na wanke su a Kano, na kai wa gwaggona. Ta sa aka karanta mata, ta riƙe su a hannu ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a dafa abinci ranar Juma'a a yi sadaka da sunan su biyun, tunda ɗayan ma ɗan wasu ne.